Hujin dutse a rumfar Kawu

Duwatsun adon da ke shigo mana Bauchi daga Jos kashi biyu ne. Akwai waɗanda suke zuwa a huje, a jere a zare, aikinka kawai ka kwance ka sake tsarawa. Akwai kuma waɗanda aka goge har suna ɗaukar ido, amma babu kafa ko ta allura a jikinsu. Na biyun sun fi araha, kuma a cikinsu ake tsintar masu kyan gaske, domin ba a yanka su sun zama tsaba iri ɗaya ba, kowanne da surarsa. Ni sana'ata haɗa sarƙa ce da 'yan kunne da jigida, wani lokaci da carbi idan an kawo aiki. Na daɗe ina naɗe irin waɗannan duwatsu da siririyar waya in rataya, amma matanmu ba sa son naɗin waya. Yana kama mayafi, yana jan zaren leshi, kuma duk wadda ya taɓa ɓata wa gyalen biki ba ta sake waiwayarsa. Abin da ya tura ni koyon huji ke nan.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, maƙerin azurfa ne, rumfarsa ba nisa da kasuwar Wunti. Zobe yake ƙerawa da awarwaro, yana kuma ɗaura aƙiƙ a kan zobban da alhazai ke so. Yana da injin rataye: injin yana sagale a ƙugiya sama da tebur, doguwar igiya mai lanƙwasa ta sauko daga jikinsa zuwa wani mariƙi mai kaurin babban alƙalami, gudunsa kuma da takun ƙafa ake ƙara shi ko a rage.

Da na faɗa masa buƙatata, sai ya miƙo mini wuƙa da guntun fasasshiyar kwalba. "Ungo, 'yata, karci dutsen nan naki da wuƙa." Na karta. Wuƙar ta zame, ta bar wani layi ruwan toka, na sa yatsa na goge ya tafi. Ashe ƙarfen wuƙar ne ya zauna a kan dutsen, shi kuwa ko gezau. "To yanzu karci kwalbar da dutsen." Nan take ya zana ta, har da ƙara. Ya ce to, duk abin da bai fi dutse tauri ba, ba ya cin dutse, kada in ɓata kuɗina a kan bakin huda ƙarfe ko na katako. Na huda kankare ma bai dace ba, don shi da duka yake aiki, tarwatsa ɗan dutsen zai yi.

Masana duwatsu suna da ma'aunin tauri daga 1 zuwa 10, wanda wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya tsara a 1812, kuma har yau da shi dillalan Jos ke magana. Kwalba da wuƙa suna wajen 5 da rabi. Aƙiƙ yana tsakanin 6 da rabi da 7. Dutsen ƙanƙara, wannan fari mai kama da gilashi, da amatis, wannan mai launin shunayya, dangi ɗaya ne, suna kan 7. Tomalin ya ɗara su kaɗan, akwamarin yana kaiwa 7 da rabi zuwa 8, tofas 8, yakutu 9, sai daimon a kan 10. Kusan duk abin da ake haƙowa a yankunanmu na Toro da Ningi zuwa Filato, ana sayarwa da sunan dutsen ado, daga 7 ne zuwa sama. Shi ya sa babu zaɓi sai bakin daimon.

Sunan ya fi abin girma. Ɗan tsinken ƙarfe ne aka liƙa wa garin daimon na masana'anta a kansa, wani ƙarfe mai suna nikel ne ke riƙe da garin. Ba shi da kaifi, za ka iya shafa shi a yatsa bai yanke ka ba, sai dai ka ji kaushi. Niƙa yake yi, yana cinye dutsen ƙwaya-ƙwaya ya mai da shi gari. Garin daimon ɗin kuma shimfiɗa ɗaya ce tak a irin waɗanda muke samu da sauƙi. Ran da ta kankare, bakin ya mutu, ba a wasa shi. Akwai wani iri mai tsada da aka cuɗa daimon ɗin cikin ƙarfen gaba ɗaya, yana ci yana fito da sabo, amma sai an yi oda, kuma ƙananansa ba su cika samuwa ba.

Girman baki da milimita ake faɗinsa. Na 1 na 'yan kunne ne da siririyar waya, kuma karyewa ba ta yi masa wuya. Na 1.5 shi ne dokin aikina, yana ɗaukar zaren sarƙa da na carbi. Na 2 zuwa 2.5 na abin wuya ne mai nauyi, inda za a sa zoben azurfa a kafar. Daga 3 zuwa sama an fi amfani da mai rami a ciki, wanda ke yanka da'ira ya fito da 'yar tsakiyar dutsen, don ya fi sauri kuma bai cika zafi ba. Fakitin farko da aka sayar mini a wani shagon kayan aiki, kusan rabinsa karkatattu ne. Kawu ya kwantar da su a kan madubi yana mirginawa da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya mirgina lafiya ya ajiye dama, wanda kansa ke ɗagawa yana sauka ya tura hagu. Karkataccen baki yana rawa a cikin kafa, ya faɗaɗa bakinta, ya ɓanɓare gefe, daga ƙarshe ya karye a ciki. Tun daga nan da ɗan madubina nake zuwa saye, mai shago ya so ko ya ƙi.

Wurin aikin kansa ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Roba ce mai faɗi marar zurfi, irin ta ajiye abinci. A ƙasanta an liƙe guntun katako mai laushi don kada ya taso kan ruwa, kuma don in baki ya zarce ya faɗa cikin katako, ba cikin roba ba. A kan katakon ake ɗora kakin zuma. Za ka murza shi a tafin hannu ya yi laushi, ka dasa dutsen a ciki, ka daidaita fuskar da za a huda ta kwanta sosai. Sannan a zuba ruwa ya rufe dutsen da kamar milimita 3 zuwa 5. Idan ruwan ya yi yawa, ido yana ruɗuwa, alamar da ka sa sai ka gan ta ta ɗan gusa daga inda take. Da bazara, lokacin da zafin Bauchi ke narkar da kaki tun kafin azahar, ruwan randa muke zubawa, yana sa kakin ya ƙame. Ruwan ƙanƙara kam a'a, sanyi kwatsam a kan dutse mai ɗumi yana iya tsaga shi.

Kafin a kai ga ruwa, akwai duba. Kawu yakan shige lungun rumfar inda babu haske, ya ɗora dutsen a kan fitilar waya, yana juya shi a hankali. Abin da ido bai gani a rana ba, a nan yake bayyana: tsaga siririya, ko wani farin gajimare a ciki, ko jijiyar da ta ratsa daga gefe zuwa gefe. Amatis ya fi kowa wannan hali, waje sumul, ciki duk tsagogi. Idan tsaga ta bi ta inda kake son kafa, ka canza wuri ko ka haƙura da dutsen. Kafar kuma kada ta matsi gefe. Ya ce in bar aƙalla milimita 3 tsakanin bakin kafa da bakin dutse, idan dutsen mai nauyi ne in ƙara. Sai maganar rataya, wadda ni ce ma na fi shi damuwa da ita, tunda ni ke ganin sarƙa a wuyan mutane. Nakan riƙe dutsen tsakanin kan allura biyu a inda nake tunanin hudawa, in sake shi ya yi lilo. Idan ya karkata, haka zai zauna a ƙirjin mai shi har abada.

Alama biyu ake sawa, gaba da baya, kuma dole su kalli juna. Dabarar Kawu ita ce ɗan ƙaramin awartaki mai tsinin baki. Yakan ɗiga tawada a tsinin biyu, ya kama dutsen da shi a hankali, ya saki. Ɗigo biyu sun fito, ɗaya saitin ɗaya. Tawadar ta zama wadda ruwa ba ya wankewa.

Farawa ita ce ta fi ba ni tsoro, kuma har yanzu nakan ja numfashi kafin in taka. Gogaggen dutse santsi gare shi. Baki yana taɓa shi sai ya nemi zamewa, in kuwa ya zame zai ja karce a kan fuskar, kuma wannan karcen ba ya fita sai an sake goge fuskar duka. Wasu suna manna salatif na takarda a wurin don bakin ya sami abin kamawa. Wasu suna karkata hannu, su fara cin dutsen da gefen baki, in ya yi ɗan gurbi sai su miƙe. Kawu ya fi son ya fara da wani baki mai dunƙulallen kai. Da shi yake yin ɗan gurbi daidai kan ɗigon tawada, zurfinsa bai kai milimita ɗaya ba, sannan ya canza zuwa bakin huji, wanda zai zauna cikin gurbin ba inda za shi. Na gwada duka ukun, na tsaya a kan nasa. Ya kuma koya mini in tura tsinken can cikin mariƙi, in bar iya tsawon da nake buƙata kawai a waje, don dogon tsinke ya fi rawa. Gefen hannuna yana dafe da bakin tebur, ba a sama yake shawagi ba.

Daga nan sai aikin da ya ƙunshi komai. Ka sauke baki, ka ƙirga ɗaya, biyu, uku, ka ɗaga. Ka sake saukewa, ka ƙirga, ka ɗaga. Ba a dannawa, nauyin hannu ya isa. Da farko na ɗauka ɗagawar hutu ce kawai, sai Kawu ya sa na leƙa da kyau. Kafar milimita 1.5 da baki a cikinta ba ta da wurin da ruwa zai shiga. Dutsen yana nutse a ruwa, amma can ƙasan kafar, inda ake niƙan, a bushe yake muddin bakin yana zaune. Ɗagawar ce ke barin sabon ruwa ya faɗa ciki, ya sanyaya wurin, ya kwaso garin da ya taru. Idan ba a ɗaga ba, garin yana cushewa ya zama taɓo mai tauri, zafi ya taru, nikel ya saki daimon, bakin ya zama sanƙo cikin 'yan daƙiƙoƙi. In an yi rashin sa'a, zafin ya tsaga dutsen daga ciki.

Alamar cewa aiki na tafiya a ruwan take. Duk ɗagawa za ka ga wani farin hayaƙi ya taso daga kafar ya bazu, ruwan yana komawa kamar farau-farau. Muddin farin nan na fitowa, baki yana ci. Idan ya daina, ko ya koma baƙi-baƙi, ƙarfe ne ke gugar dutse, a canza baki. Kunne ma yana da nasa aikin. Baki mai ci yana da wata ƙara mai kaushi a-kai-a-kai, wanda ya mutu kuwa sai ka ji shi yana fito. Kawu yana iya kasancewa can gefe yana narka azurfa, bai ko juyo ba ya ce, "'Yata, wannan bakin ya gama, kina wahalar da kanki ne." Ruwan kuma idan ya yi kauri har ba a ganin dutsen, a zubar a sa sabo.

Gudun inji ma ba a ƙure shi. Ƙananan injinan hannu irin su Dremel suna juyawa daga wajen 5,000 har sama da 30,000 a minti, kuma zuciya tana raya wa mutum cewa ƙarin gudu shi ne ƙarin sauri. Ƙarin zafi ne kawai, ga ruwa yana fantsama har fuska. Can ƙasa-ƙasa muke tsayawa. Aƙiƙ mai kaurin milimita 5 ko 6 yakan ci mini minti biyar zuwa goma da sabon baki, kuma na lura aƙiƙ ya fi amatis cin baki duk da ma'auninsu kusan ɗaya ne. Aƙiƙ a cure yake, ƙwayoyinsa ƙanana ne masu sarƙe da juna, shi ya sa yake da taurin kai wajen huji amma ba ya saurin tsagewa. Amatis yana huduwa da sauƙi, yana kuma fashewa da sauƙi.

Ba a hudawa a zarce. Wannan ce dokar da Kawu bai yarda a taka ba ko da gwaji. Idan baki ya kusa fita ta baya, abin da ya rage na dutsen ɗan siririn ɓawo ne, ba zai jira a niƙe shi ba, ɓallewa zai yi, ya tafi da wani yanki na gogaggiyar fuskar. Sai ka ga gaba kafa zagayayya tsaf, baya kuwa wawakeken gurbi mai kaifin gefe. Maganinsa a auna kaurin dutsen, a ɗiga jan farce a jikin bakin daidai rabin kaurin da ɗan ƙari. Jan farce yana taɓa fuskar dutse, a tsaya. A ciro dutsen daga kaki, a juya, a sake dasawa, a yi gurbi a kan ɗigo na biyu, a fara daga can. Lokacin da hujin biyu za su haɗu, hannu ne ke fara sani: turjiyar tana raguwa, sai ka ji bakin ya faɗa fanko. A nan ake ƙara sassauta hannu, don yawancin bakin da ke karyewa, a mahaɗar nan suke karyewa, idan ramukan biyu sun ɗan saɓa.

Saɓanin kaɗan ba laifi ba ne a abin wuya mai faɗi. A tsabar carbi kuwa babban aibi ne, domin tsaba mai karkatacciyar kafa ba ta zama daidai a zare, kuma mai ja yana jin ta a yatsa ko idonsa a rufe. Na san haka ne lokacin da wani Alhaji, abokin cinikin Kawu, ɗan Tijjaniyya, ya kawo tsabar aƙiƙ zagayayyu masu milimita 8 yana son carbi mai 100. Wannan ba aikin hannu sake ba ne. Kawu ya fito da ƙaramin injin tsaye, wanda ake saukar da bakinsa da mariƙi ya tafi ƙasa sak. Ya ɗaure robar a jikin teburin injin yadda ba za ta motsa ba, ya sauke baki ya huda katakon, sannan ya dasa mataccen baki a wannan ramin, kansa ya leƙo kamar milimita 2. Ke nan ɗan ƙusan yana saitin bakin da ke sama daidai. Sai a huda tsaba zuwa rabi a wani katakon mai gurbi, a juyo ta a zaunar da ramin a kan ƙusan, a sauke baki daga sama. Ba awo, ba tawada, dole su haɗu. Ban taɓa ganin dabara mai arha da ta kai wannan amfani ba, kuma da matattun bakunan da nake zubarwa ake yin ta.

Kafa ta fita ba yana nufin an gama ba, kuma a nan nake da magana a kan yawancin duwatsun da ake sayar mana a huje. Bakin sabuwar kafa kaifi gare shi, dutse ne mai tauri 7 da aka bari da gefe a tsaye. Zare yana gogarsa duk motsin mai sarƙa. Sarƙoƙin da ake kawo mini gyara, masu su kan ce zaren ne ba shi da kyau. In na duba inda ya tsinke, kusan kullum a bakin kafa ne, a yanke, ba a ruɓe ba. Don haka bayan huji nakan koma ga bakin nan mai dunƙulallen kai, wanda ya ɗan fi kafar girma, in taɓa bakinta gaba da baya cikin ruwa, daƙiƙa biyu ko uku, har kaifin ya kwanta. Cikin kafar kuma, inda hujin biyu suka haɗu, akan sami ɗan tudu. Shi ma a bi shi da baki a hankali, ana shiga ana fita, har ya baje. Gwajin Kawu shi ne ya zura zaren auduga, ya riƙe bakin biyu, ya yi ta ja da komowa da ƙarfi. Idan zaren ya fara tashin gashi, sai ya miƙo mini dutsen ba tare da ya ce uffan ba.

Wata rana na kawo masa tsofaffin duwatsun wuyan kakarmu, jajayen tsakiya da talhatana guda, don ya gaya mini yadda aka huda su. Ya zura allura yana lalube. Kusan dukansu daga gefe biyu aka huda, ramukan sun haɗu a tsakiya, wasu da ɗan saɓani, bakin kafar kuwa ya lashe ya yi sumul saboda daɗewa a zare. Juya dutse a huda daga baya ba sabon ilimi ba ne. A da, masu yin lantana, wato jajayen duwatsun wuya, na Ilorin, waɗanda suka gaji sana'ar daga tsohuwar Oyo, jan dutsensu daga arewa fatake Hausawa ke kai musu, kuma da ɗan tsinken ƙarfe da ƙaramar guduma suke huda shi, suna ƙwanƙwasawa suna juyawa, tsaba ɗaya ta ci sa'o'i. A Khambhat ta jihar Gujarat a Indiya, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana fitar da jan aƙiƙ zuwa Afirka, da baka da igiya suke juya tsinke mai ƙwayar daimon a kai, ruwa yana ɗiga a kan kafar. A ƙarni na 19 yankin Idar-Oberstein na Jamus ya shiga kasuwar da aƙiƙin Brazil da ake rinawa, ya riƙa yin irin surorin da mutanenmu ke so. Kawu ya ce ba zai rantse a kan ko daga ina na kakarmu suka fito ba, amma wanda ya huda su ya san aikinsa.

Akwai duwatsun da ba ya karɓa. Wata Hajiya ta kawo tofas fari garai, tana son a huda ta rataya. Ya juya shi a fitila, ya mayar mata da hannu biyu. "Hajiya, ki yi haƙuri, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Bari in yi masa gida na azurfa." Tofas yana da tauri 8, amma yana da wata shimfiɗa a halittarsa wadda yake rabewa a kanta fal-fal, zafi kaɗan ko girgiza ta isa ta raba shi biyu. Tauri daban, juriya daban. Tomalin mai tsagogi a ciki ma haka yake bi da shi. Idan mai dutse ya nace ba ya son gida, akwai hanyar tsakiya: a huda rabi kawai daga sama, a dasa ɗan ƙusan azurfa mai zobe da gam mai haɗi biyu. Ba a taɓa bayan dutsen ba, haɗarin ya ragu.

Huji kuma yana tona asirin dutse. An taɓa kawo mini wasu shuɗɗa masu baƙaƙen jijiyoyi, an sayar wa mai su da tsada. Baki ya shige su cikin ƙanƙanen lokaci, da na leƙa kafar, ciki fari fat, shuɗin a fata kawai yake. Farin dutse ne mai laushi aka rina. Kwalba ma da ake sayarwa a matsayin dutse, saurin huduwarta da yadda bakin kafarta ke ɓarewa suna fallasa ta. Shi ya sa nake gaya wa mai kaya tun kafin in fara cewa abin da na gani a ciki zan faɗa, ko da ba zai yi daɗin ji ba.

Ruwan robar nan yana da wani aiki da ya shafi ƙirjin mai huji. Garin dutsen ƙanƙara da aƙiƙ da amatis, idan ya bushe ya tashi aka shaƙa, yana zama a huhu ba ya fita, shi ke jawo ciwon da likitoci ke kira silikosis, wanda ba shi da magani. A cikin ruwa ba ya tashi. Amma da hunturu, tebur yana bushewa kafin ka juya, farin da ya fantsama ya koma ƙura. Da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa, ba a sharewa da tsintsiya, ruwan kuma a zuba shi a rami, ba a tsakar gida ba. Da na fara aiki a gida, Kawu ya kafa mini sharaɗi: ba a inda yara ke wasa ba, ba da kwanon da zai koma kicin ba. Ya tuna mini abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda niƙan duwatsun zinariya masu dalma a cikin gidaje ya kashe yara sama da 400. Dutsen tozali, wannan mai walƙiya da nauyi, dalma ce a cikinsa, kuma akwai shi a wajen Alkaleri. Yara kan tsinto shi su kawo don kyansa. Ba na huda shi, ba na barin sa a teburina. Tabarau kuwa dole ne, don guntun bakin da ya karye ba ya sallama kafin ya tashi.

Sai wuta. Hannu a jiƙe, inji a kan wutar NEPA mai ƙarfin volt 230, ba abin wasa ba ne. Amfanin injin rataye ke nan, shi yana can sama, abin da ke kusa da ruwa igiya ce da mariƙi, ba wuta a cikinsu. Ni da ba ni da kuɗinsa tukuna, mai batir na saya, ina cajinsa da sola. Ƙarfinsa bai kai ba, amma huji ba ya son ƙarfi da ma, kuma ɗaukewar wuta ba ta tsayar da ni baki yana tsakiyar kafa.

Kuɗin aiki a kan kafa nake yanka shi, ba a kan dutse ba, ina duba kauri da tauri, domin kuɗin baki ne ya fi yawa a ciki. Baki mai arha wani lokaci kafa uku ko huɗu yake yi a aƙiƙ ya mutu, mai kyau ya ninka haka. Wanda ke son carbi ko doguwar sarƙa, nakan ce ya kawo rarar tsaba kamar ɗaya a kan kowace goma, abin da bai fashe ba in mayar masa. Mu kuma yi magana a fili tun farko cewa dutse yana iya tsagewa ko an bi duk ƙa'ida, saboda abin da ke cikinsa wanda fitila ba ta nuna ba. Wanda ya yarda in karɓa. Dutsen gado kuwa, ko zoben da aka yo tsaraba daga Makka aka ciro dutsensa, ba na sa masa baki, rumfar Kawu nake tura mai shi a yi masa gidan azurfa.